Babi na Bakwai: Fas na Jirgin Ƙasa da Sharuɗɗan Zaɓensa

Duk wanda Allah ya hore wa hali ya sami hutu, ya kuma ƙulla niyyar ratsa ƙasashen Turai ta layin dogo, ko don ziyarar ɗa ko ɗan'uwa da ke neman ilimi a can, ko don ganin kufan Andalus wadda ya daɗe yana karanta labarin malamanta, ko kuwa don buɗe ido kurum, to, ba zai yi nisa cikin shiri ba sai wani mai son sa da alheri ya shawarce shi da ya sayi fas, watau takarda guda wadda ke ba mai ita izinin hawa jiragen ƙasa na ƙasashe masu yawa cikin wani ƙayyadadden lokaci, ba tare da ya tsaya sayen tikiti a kowace tasha ba. Shawara ce mai daɗin ji, sau da yawa kuma tana bisa daidai. Amma fa akwai lokacin da mai bin ta ido rufe zai biya kuɗin da ya ninka abin da tafiyar tasa ta cancanta, kana ya tarar a bakin jirgi ana neman sa da wani ƙarin da ba a taɓa ambata masa ba. Abin da fas ke sayar wa musafiri a haƙiƙa shi ne ikon sauya ra'ayi, ya wayi gari ya ce yau ga inda na nufa, gobe kuma ya fasa. Wannan iko kuwa yana da daraja ƙwarai a wasu ƙasashe, a wasu kuma kusan suna ne kawai. Saboda haka mas'alar tana bukatar tafsili.

Asalin abin ya kasu gida biyu. A shekarar 1959 kamfanonin reluwe na yammacin Turai suka fito da fas mai suna Eurail domin baƙi masu zuwa daga ƙetare, galibinsu Amurkawa a wancan zamani. A shekarar 1972 kuma, sa'ad da ƙungiyar reluwe ta duniya ke bikin cika shekara 50 da kafuwa, aka fito da Interrail domin samarin Turai da 'yan matansu waɗanda ba su wuce shekara 21 ba, aka ba su wata guda su yi yawo cikin ƙasashe 21. An yi shi ne da nufin shekara ɗaya, amma karɓuwar da ya samu ta sa aka bar shi, daga bisani aka ɗauke sharaɗin shekaru aka buɗe shi ga kowa. A yau kamfani guda ne, mai mazauni a birnin Utrecht na ƙasar Holan, ke kula da su biyun, kuma babban fas nasu yana aiki a ƙasashe 33, tun daga Fotugal har Turkiyya, tun daga Girka har Finlan. Abin da ya raba su shi ne mazaunin mai saye, ba ƙabilarsa ba: Bakano mai zaune a Kano Eurail zai saya, ƙanensa kuwa da ke aiki a Hambog ko Manchesta da takardar zama Interrail ne nasa. Suna iya zama kujera ɗaya kusa da juna, illa dai shi mai Interrail an taƙaita masa hawa jirgi a ƙasar da yake zaune, ba shi da ikon yin haka sai a rana biyu, ta fita da ta komowa. Iyalan da suka rabu tsakanin gida da Turai, suka kuma shirya haɗuwa su yi yawo tare, wajibi ne su san wannan tun kafin su zana hanya, don kada a sa kwana biyar na tafiyar a cikin Jamus alhali mai masaukin nasu fas ɗinsa bai ƙunshi haka ba.

Kafin a kai ga maganar kuɗi akwai wata magana da ta riga ta, wadda littattafan da Turawa ke rubuta wa junansu ba su cika damuwa da ita ba, domin su ba ta shafe su ba, mu kuwa ita ce ginshiƙi. Fas izinin hawa jirgi ne, ba izinin shiga ƙasa ba. Ƙasashe 33 da aka lissafa a jikinsa ba duka ne ke cikin yarjejeniyar Shengen ba, wadda aka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye na Luksambog, ta fara aiki a 1995, ta kuma ɗauke shingen iyaka tsakanin ƙasashen da suka shiga, waɗanda yanzu sun kai 29. Birtaniya ba ta ciki, Ailan ba ta ciki, haka Sabiya da Bosniya da Turkiyya. Mai fasfon Nijeriya ko na Nijar da ya sami bizar Shengen, ya ga taswirar fas ta nuna masa jirgi daga Faris zuwa Landan ta ƙarƙashin teku cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, to, ya sani cewa a tashar Faris ɗin ma jami'an Birtaniya ke zaune suna duba fasfo, kuma wanda ba shi da bizarsu ba zai taka jirgin ba. Wani abin lura kuma shi ne ko bizar ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da yawa, domin mai ta sau ɗaya, da zarar jirgi ya fitar da shi daga yankin Shengen, ƙofa ta rufu a bayansa, ko da kuwa kayansa da tikitinsa na komawa gida suna Frankfot. Iyakar zaman da bizar ziyara ke bayarwa kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, sau da yawa ma ofishin jakadanci yakan ba da ƙasa da haka, gwargwadon kwanakin da mutum ya nema; ashe ke nan fas na wata biyu ba shi da amfani ga wanda aka ba kwana 15. Ƙa'idar neman bizar kuwa ita ce a nema daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. Ko a cikin yankin Shengen ɗin ma kada fasfo ya rabu da jikin mutum, gama ƙasashe sukan maido da bincike a iyaka in sun ga dama, kamar yadda Jamus ta yi a dukan iyakokinta na tudu tun watan Satumba na 2024, kuma 'yan sanda sukan shigo tarago su bi fasinja ɗaya bayan ɗaya.

Idan an gama da wannan, sai a juya ga irin fas ɗin. Akwai mai jere, wanda ke aiki kowace rana ba yankewa, na kwana 15, ko 22, ko wata ɗaya, ko biyu, ko uku. Akwai kuma mai zaɓi, wanda ke ba da adadin ranakun tafiya a cikin wani wa'adi: rana 4, ko 5, ko 7 cikin wata guda, ko rana 10 ko 15 cikin wata biyu. Ranar tafiya tana farawa ne daga sha biyun dare ta ƙare sha biyun dare, kuma a tsakanin nan mutum na iya hawa jirgi goma in yana da ƙarfin haka, duk rana ɗaya za a lissafa masa. Haka nan in ya hau jirgi na minti ashirin kacal, rana ɗaya ce ta tafi. A ra'ayina mai zaɓi ya fi dacewa da mafi yawan mutanenmu, musamman magidanci mai tafiya da iyali, domin mai jere yana sa wa mai shi wani irin kwaɗayi na ganin bai yi asarar ko da rana ɗaya ba, sai ka ga mutum ya kwana a birni shida cikin mako guda, ya komo gida bai san kome game da su ba sai tashoshinsu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yanke cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, ya cika sallarsa; ni kuwa ina ganin wannan miƙidari ne mai kyau ga mai son sanin birni irin su Faris ko Biyana ko Rum, ya zauna har ya gane hanyar masallaci da ta kasuwa ba tare da tambaya ba. Wanda ya tsara tafiyar mako uku a kan haka zai ga ranakun da yake bukatar dogon jirgi ba su wuce biyar ba.

Game da farashi, yana sauyawa shekara-shekara, amma don a sami mizani: a shekarar 2024 fas na rana 4 ga babba a sikinkila yana kusan Yuro 280, na rana 7 kusan 380, na rana 10 kusan 450. In aka raba, kowace rana ta tashi kimanin Yuro 70 a na farko, 55 a na biyu, 45 a na uku. Wannan lamba ita ce abin riƙewa. Sha'anin tamkar sarin hatsi ne, buhu ya fi mudu araha, amma ga wanda zai ci buhun. Wanda bukatarsa mudu uku ce, sari hasara ne gare shi kome arahar buhun. Sai mutum ya ɗauki takarda da alƙalami ya jera tafiye-tafiyen da ya tabbata zai yi, ya nemi farashin kowace a shafin kamfanin reluwen ƙasar, ya gwada da wannan lamba. Zai tarar da abu biyu. Na farko, tikitin da aka saya a ranar tafiya a Jamus ko Suwizalan ko Birtaniya yana da tsada matuƙa, har daga Frankfot zuwa Munik yakan haura Yuro 100, a nan kuwa fas ya ci riba bayyananna. Na biyu, wannan tikitin dai, in an saye shi da makonni kafin ranar, yakan faɗo zuwa sulusin haka ko ƙasa, da sharaɗin mutum ya ɗaure kansa ga jirgi ɗaya a sa'a ɗaya, in ya makara kuɗinsa ya tafi. Wanda ya riga ya kama masauki a kowane gari, ya san ranar shigarsa da ta fitarsa, kamar yadda neman biza ma kan tilasta wa mutanenmu, to, ya riga ya sallama ikon sauya ra'ayin da fas ke sayarwa, kuma galibi tikitin da aka saya da wuri ya fi masa sauƙi. A gabashin Turai kuwa, irin su Folan da Hangari da Romaniya da Bulgeriya, tikiti na da araha ko yaushe aka saye shi, ƙona ranar fas ta Yuro 55 a kan tafiyar da ba ta kai rabin haka ba rashin lissafi ne. A Luksambog ma tun shekarar 2020 hawa jirgi da bas a sikinkila kyauta ne ga kowa.

Akwai rangwame da ke iya karkatar da mizanin. Wanda bai wuce shekara 27 ba yana da ragi, haka wanda ya kai 60. Abin da ya fi muhimmanci ga mai iyali shi ne yara daga shekara 4 zuwa 11 ana ba su fas kyauta, har biyu ga kowane babba mai cikakken fas, ƙasa da shekara 4 kuwa ba su bukatar kome in za a riƙe su a cinya. Miji da mata da 'ya'ya huɗu ƙanana kuɗin mutum biyu za su biya. Sai dai a gwada wannan ma da rangwamen da kamfanonin ƙasashen ke yi wa yara a tikitinsu na kullum, domin Jamus, alal misali, tana barin yara 'yan ƙasa da shekara 15 su bi babba kyauta a dogayen jiragenta in an rubuta su a tikitinsa.

Yanzu mun iso ga mas'alar da ta fi kowace jawo ɓacin rai, watau kama kujera. Kamfanonin reluwe na Turai mazhaba biyu suke bi. A Jamus da Suwizalan da Ostiriya da Holan da Beljiyam da Birtaniya, jirgi a buɗe yake: mai fas ya zo tasha, ya duba allo, ya shiga wanda ya ga dama, ya zauna inda babu kowa, in ya so ya biya 'yan kuɗi kaɗan a ajiye masa wuri, in bai so ba babu tilas a mafi yawan jirage. A Faransa da Italiya da Sifen kuwa, jiragensu masu gudu ana tafiyar da su ne bisa tsarin jirgin sama, ba mai shiga sai da lambar kujera, kuma fas bai ƙunshi wannan lamba ba. A TGV na cikin Faransa akan biya Yuro 10 ko 20, a Frecciarossa na Italiya Yuro goma sha wani abu, a Eurostar mai zuwa Landan Yuro 30 ko fiye. Ba kuɗin ne kaɗai matsala ba. A wasu hanyoyin, musamman masu ƙetare iyaka, kujerun da aka ware wa masu fas ƙididdigaggu ne, suna iya ƙarewa alhali jirgin da sauran wuri ga mai sayen cikakken tikiti. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da Turawa ke hutunsu, sukan ƙare da makonni kafin ranar. Akwai kuma jiragen da fas ba ya aiki a cikinsu sam, irin su Italo a Italiya, da Ouigo, da FlixTrain a Jamus, suna kuwa tsayawa a tasha ɗaya da waɗanda yake aiki a cikinsu, har baƙo na iya shiga bisa kuskure a ci shi tara.

Bari mu ɗauki matafiya biyu don abin ya fito fili. Na farko dattijo ne mai sha'awar tarihi, ya sauka Faris da uwargidansa, muradinsa ya ga babban masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra a Garnaɗa. Hanyarsa ita ce Faris zuwa Barsalona, sa'a shida da rabi a TGV, sa'an nan Madrid, sa'an nan Kurɗuba a kan layin gudu na farko da Sifen ta buɗe a 1992 tsakanin Madrid da Ishbiliya, daga nan Garnaɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jirage yana bukatar kama kujera, na Faris zuwa Barsalona ma kuɗinsa na daga cikin mafi tsada ga mai fas, kujerunsa kuma kaɗan ne. A tsakanin Barsalona da Madrid kuwa kamfanoni da dama ne ke gasa tun 'yan shekarun nan, farashi ya karye. Wannan dattijo, in ya sayi fas, ya biya kuɗin 'yanci, kana ya koma ya ɗaure kansa ga jirgi da sa'a a kowace tafiya, da ƙarin kuɗi a kai. Shawarata gare shi ita ce ya bar fas, ya sayi tikitocinsa ɗai-ɗai da wuri.

Na biyu ɗalibi ne ɗan shekara 24, ya sauka Frankfot daga Abuja, yana da mako biyu da aboki a Biyana da wani a Milan, bai kuma yanke ranar da zai bar kowane gari ba. Shi kam fas na rana 5 ko 7 da ragin samari an yi shi ne dominsa. Daga Frankfot zuwa Munik, daga Munik ya ƙetare iyaka zuwa Salzbog cikin ƙasa da sa'a biyu, daga nan Biyana, sa'an nan ya juyo yamma ta tsakiyar duwatsun Ostiriya zuwa Zurik, duk ba a tilasta masa ranar da zai tashi ba. Daga Zurik zuwa Milan yana da hanya biyu. Ta kusa ita ce ramin Gotthard, wanda aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57, babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a duniya. Jirgin da ke bin sa zuwa Italiya yana bukatar kama kujera, kuma kusan minti ashirin na tafiyar cikin duhu ake yin su. Ta nesa kuwa ita ce ta garin Kur, a bi layin Albula da Bernina, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008. A wannan layi akwai jirgin 'yan yawon buɗe ido mai manyan gilasai, Bernina Express, wanda ake biyan ƙarin kuɗi mai yawa kafin a zauna cikinsa. Amma a kan dogon nan dai akwai jajayen jirage na mutanen yankin, masu tsayawa a kowane ƙauye, waɗanda mai fas ke shiga ba ƙarin ko sisi. Jirgin yakan yi ta hawa yana zagaye cikin ramuka da kan gadoji na dutse, itatuwa su yi ta raguwa har su ƙare, sai ga farin tafki da ƙanƙara a kan tsaunuka ko a tsakiyar bazararsu, a tashar Ospizio Bernina mai tsayin mita 2,253 bisa teku. Daga nan ya gangara, harshen sanarwa ya koma Italiyanci, ya bi ta tsakiyar titin gari tare da motoci, ya tsaya a Tirano cikin ɗumi da gonakin inabi. Daga Tirano jirgi na kullum ya kai shi Milan. Yini guda cur, jirgi huɗu ko biyar, rana ɗaya tak aka cire daga fas ɗinsa. Irin wannan rana ce ke biyan kuɗin fas, kuma saboda irinta ne nake ƙaunarsa duk da aibobin da na lissafa.

Dabarar nan ta barin jirgi mai gudu a bi na kullum tana aiki a wurare da yawa. Tsakanin Burasal da Amstadam akwai Eurostar mai ƙarin kuɗi, akwai kuma jirgin da ba a kama kujera a cikinsa, bambancinsu bai kai sa'a guda ba. Ko tsakanin Faransa da Sifen, wanda ya rasa wuri a TGV yana iya bin gaɓar teku da ƙananan jirage zuwa Fotbo, garin iyaka, ya sauka ya shiga jirgin Sifen. Dalilin saukar kuwa tsohon dogon Sifen ya fi na Faransa faɗi, nasu milimita 1,668, na sauran mafi yawan Turai 1,435, wanda shi ne ma'aunin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, saɓanin tsohon dogonmu mai milimita 1,067 da ya iso Kano a 1911. Manhajar fas ɗin ta wayar hannu, wadda bayaninta ke tafe, tana da wurin da mutum zai taɓa ta nuna masa hanyoyin da ba su bukatar kama kujera kaɗai. Amma mai tafiya da tsoho ko da ƙananan yara da manyan akwatuna ya auna wahalar sauya jirgi sau huɗu, da hawa da saukar matakala a tashoshin da ba a daɗewa a cikinsu, kafin ya zaɓi wannan hanya don tsimin Yuro 20.

Jirgin dare yana da hukunci nasa. Bayan kamfanin Jamus ya daina tafiyar da jiragen kwana, kamfanin Ostiriya ya karɓi wasu hanyoyin a ƙarshen 2016 da sunan Nightjet, suna haɗa Biyana da Zurik da Hambog da Amstadam da Rum da wasu birane. Ƙa'idar fas ita ce, in mutum ya shiga jirgi kafin sha biyun dare, bai kuma sauya wani jirgi bayan sha biyun ba, ranar tashi kaɗai za a lissafa masa, ko da sai hantsi ya sauka. Wurin kwana dai dole a biya shi dabam: akwai kujera, akwai ɗaki mai gadaje huɗu ko shida jere bisa juna, akwai kuma ɗaki mai cikakken gado da wurin wanke fuska. Ɗakunan masu gado huɗu ko shida akan haɗa maza da mata baƙin juna a cikinsu, abin da ba zai yi wa mafi yawan iyalanmu daɗi ba. Maganinsa shi ne a nemi ɗakin da aka keɓe wa mata zalla, domin akwai shi, ko kuwa iyali su kama ɗaki sukutum. Waɗannan su ne ke fara ƙarewa, don haka su ne abin fara nema da zarar an tsai da rana. In an lissafa kuɗin masaukin daren da aka huta biya, jirgin dare ba shi da tsadar da ake zato.

Wanda tafiyarsa ba ta wuce ƙasa ɗaya ko maƙwabta biyu ba, babu dalilin da zai sa ya sayi fas na ƙasashe 33. Akwai na ƙasa guda, akwai na Beljiyam da Holan da Luksambog a haɗe. Suwizalan kuma tana da nata, Swiss Travel Pass, wanda ya ƙunshi jiragen ƙasa da bas-bas da jiragen ruwa na tafkuna da motocin cikin gari da shiga gidajen tarihi masu yawa, alhali Eurail ba ya biyan bas ɗin cikin gari ko jirgin ƙarƙashin ƙasa a kowane birni, kuma a jiragen hawa ƙololuwar tsaunuka, irin na Jungfrau, ragi kawai yake bayarwa. Faskila kuwa, bambancinta da sikinkila a Turai faɗin kujera ne da ƙarancin cunkoso. Sikinkila tsaf take, sai dai mai tafiya a tsakiyar lokacin hutu a Jamus, inda jirage kan cika har mutane su zauna a ƙasa, yana iya ganin ƙarin ya cancanta.

Tun shekarar 2020 mafi yawan fas a cikin wayar hannu yake, a manhajar da ake kira Rail Planner, kuma yadda ake aiki da shi ya kamata a koya tun a gida. Kafin mutum ya taka jirgi sai ya nemo shi a manhajar, ya sa shi cikin jerin tafiyarsa, ya taɓa maɓallin da ke haɗa shi da fas. A nan ne ranar ke kamawa, wata alama mai murabba'i ta fito wadda mai duba tikiti zai haska da na'urarsa, sau da yawa kuma ya nemi ganin fasfo don ya gwada suna da lamba. Wanda ya shiga bai yi haka ba, hukuncinsa hukuncin marar tikiti ne, ko da ya biya kuɗin wata uku. Haka wanda wayarsa ta mutu. Saboda haka batirin ajiya da layin waya mai intanet a Turai suna cikin guzuri, gama manhajar tana bukatar a haɗa ta da intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar fas ɗin na nan da rai. Takardar kama kujera kuwa dabam take zuwa, a ajiye ta inda hannu zai kai da sauri, in da hali a buga ta a takarda.

Saura lokacin saye. Fas na waya ana iya sayensa a ajiye har wata 11 kafin a fara aiki da shi, kamfanin kuma yakan karya farashi lokaci-lokaci, musamman wajen ƙarshen Nuwamba, abin da kan ja hankalin mutum ya yi gaggawa. Amma fas ɗin da aka saya a irin wannan rangwame sharuɗɗan mayar da kuɗinsa sukan fi tsanani, na kullum ma ana yanke wani kaso in an mayar da shi, kuɗin kama kujera kuwa a wasu jiragen ba ya komowa ko kaɗan. Tun da yake ba wanda ke da tabbacin amsar ofishin jakadanci sai fasfonsa ya komo hannunsa, tartibin da na fi amincewa da shi ga mai tashi daga ƙasashenmu shi ne ya zana hanya, ya yi lissafin da muka bayyana, ya nemi biza da wannan tsari, in ta fito ya duba kwanakin da aka ba shi da adadin shigar da aka yarje masa, sa'an nan ya sayi fas ko tikiti, ya fara da kama gadon jirgin dare da kujerun jiragen da ke ƙetare iyakar Faransa.